Yadda ake ƙiyasta gogayyar tsagar ƙasa daga bayanan girgizar ƙasa

Ɗalibin ilimin duwatsu ko na fiziks da ke Katsina, ko a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa yake ko a ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, zai iya yin mafi yawan wannan aiki da kwamfutar cinya da data mai ɗan yawa. Bayanan manyan girgizojin Japan, Italiya, Turkiyya da Amurka suna nan a intanet kyauta. Wahalar tana wajen sanin iyakar abin da bayanan ke iya nunawa, domin a nan ne ayyuka da yawa ke gocewa: a yi lissafi daidai, sannan a ɗora masa fassarar da ba zai iya ɗauka ba.

Tsaga karaya ce a cikin dutsen ƙarƙashin ƙasa, inda ɓangarori biyu ke manne da juna. Ƙarfi iri biyu ke aiki a kanta. Akwai danniya, mai matse ɓangarorin, akwai kuma turi, mai son ya sa ɗaya ya zame a jikin ɗaya. Idan ka raba turi da danniya a lokacin zamewa, abin da ya fito shi ne ma'aunin gogayya, wanda ake rubutawa da μ. Duk wanda ya taɓa tura buhun gero a kan daɓen siminti ya san sai an yi nishi kafin ya motsa, da ya motsa kuma sai ya yi sauƙi. Haka tsaga take, shi ya sa ake neman lambobi uku: gogayyar tsaye μs, gogayyar tafiya μd, da tazarar raunana Dc, wato nisan da tsagar za ta zame kafin gogayya ta sauko daga ta farko zuwa ta biyu. Masanin girgizar ƙasa Ida ne ya tsara wannan a 1972, takwaransa Andrews ya faɗaɗa shi a 1976.

Ka riƙe wannan tun yanzu: igiyoyin girgiza suna fitowa ne daga canjin turi. Tsagar da turinta ya faɗo daga megafaskal (ma'aunin matsi) 100 zuwa 97, da wadda nata ya faɗo daga 10 zuwa 7, kusan zane ɗaya za su bari a na'ura. Saboda haka bayanan girgiza za su ba ka saukar turi da makamashin da aka kashe wajen yaga tsagar, amma μ kansa sai ka haɗa da wani sani daga waje. A gwaje-gwajen da Byerlee ya tattara a 1978, yawancin duwatsu sun ba da 0.85 idan danniya ba ta kai megafaskal 200 ba, da kimanin 0.6 sama da haka. Amma da jirgin haƙa na Chikyu ya huda tsagar girgizar Tohoku ta 2011, aka auna ragowar zafin da zamewar ta bari, sai aka sami kimanin 0.08. A tsagar San Andiriyas ta Kalifoniya, laka mai santsi da aka haƙo daga sashen da ke zamewa a hankali ta ba da kimanin 0.15. Haƙa da awon zafi ne suka kawo waɗannan lambobi.

Tattara bayanai

Ka ɗora manhajar Python da ObsPy, kayan aikinta na sarrafa bayanan girgiza. Daga nan za ka iya janyo bayanai daga cibiyar EarthScope, wadda a da ake kira IRIS, a tsarin miniSEED tare da fayil ɗin StationXML mai bayanin na'ura. Na Turai da Gabas ta Tsakiya suna rumbun ESM, na Amurka suna CESMD, na Turkiyya suna wurin hukumar AFAD. Mafi kyau ga mai koyo su ne K-NET da KiK-net na Japan, waɗanda aka kafa bayan girgizar Kobe ta 17 ga Janairu 1995. K-NET na da tashoshi sama da 1,000, tsakaninsu kimanin kilomita 20, sai ka yi rajista kyauta kafin ka sauke. Tashoshin KiK-net kuwa kowace na da na'ura biyu, ɗaya a sama, ɗaya a gindin rami mai zurfin mita 100 ko fiye. Ta ƙasan ita ce abar nema, domin ƙasa mai taushi ba ta gurɓata ta sosai ba, sai dai ba kullum take fuskantar arewa daidai ba, don haka ka duba jadawalin fuskarta.

Abubuwa uku ke ɓata aiki a wannan mataki. Na farko lokaci: bayanan duniya suna tafiya da UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, agogon Najeriya ya gabace shi da awa 1, na Japan da awa 9. Girgizar Turkiyya ta 6 ga Fabrairu 2023 mai maki 7.8 ta auku da ƙarfe 1:17 na UTC, wato 2:17 na dare a Katsina. Na biyu ma'auni: fayilolin Japan suna amfani da gal, wato santimita 1 a daƙiƙa a kowace daƙiƙa, lissafinka kuma duk da mita zai tafi. Mantuwar wannan tana sa amsa ta ninka sau 100. Na uku cikewar na'ura: sismomita mai jin motsi kaɗan, mai lambar da ta fara da HH, tana cika idan girgiza ta yi ƙarfi a kusa, sai ka ga kan zanen ya daidaita kamar an datse shi. Irin wannan zubar da shi ake yi. Kusa da tsaga, na'urar auna hanzari mai lambar HN za ka ɗauka.

Tun da wuta ba ta da tabbas, ka sauke bayanan gaba ɗaya ka ajiye na asali a wuri guda da ba za ka taɓa ba, ka riƙa aiki da kwafi.

Hanya ta farko: saukar turi daga sifektiram

Wannan ce hanyar da ta fi dacewa da ƙanana da matsakaitan girgizoji, kuma ita ce za ta iya aiki da irin bayanan da ake samu a Najeriya. Ka cire matsakaici da karkata daga zanen, ka lallausa bakinsa biyu da kashi 5 cikin 100, ka cire tasirin na'ura da remove_response. Ka yanko igiyar S, wadda ke isowa ta biyu, daga gab da isowarta, daƙiƙa 5 zuwa 10 ga girgiza mai maki 4. Ka yanko wani yanki mai tsawo ɗaya kafin isowar igiyar P, wadda ke fara isowa, shi ne hayaniya. Ka fitar da sifektiram ɗin gusawa na kowanne, wato zanen ƙarfin motsi a kowane saurin kaɗawa, ka yi amfani kawai da inda sigina ta ninka hayaniya sau 3 ko fiye.

Zanen zai fito da siffa sananniya: shimfiɗe a ƙananan kaɗawa, sannan ya lanƙwasa ya gangara. Tsayin shimfiɗar shi ne Ω0, wurin lanƙwasar kuma gwiwa, fc. Ka daidaita shi da samfurin Brune na 1970, inda f yawan kaɗawa ne a daƙiƙa (Hz), t* kuma shanyewar hanya:

Ω(f) = Ω0 × exp(−π f t*) / (1 + (f/fc)²)

Daga Ω0 ake samun girman girgizar: M0 = 4π ρ β³ R Ω0 / (2 × 0.63). A nan ρ nauyin dutse ne, kimanin kilogiram 2,700 a kowace mita kubik (m³), β gudun igiyar S, kimanin mita 3,500 a daƙiƙa, R kuma nisa daga tushen girgizar a cikin ƙasa zuwa tashar. Ka tsaya ga tashoshin da ba su wuce kilomita 70 ko makamancin haka ba, domin bayan nan igiyoyin da suka dawo daga gindin ɓawon ƙasa suna shigowa su rikita lissafin. Ka gwada amsarka da lissafin makin girgiza, Mw = (2/3)(log M0 − 9.1). Idan ta bambanta da makin da aka sanar da fiye da 0.3, koma ka duba ma'auni.

Sai rabin faɗin wurin da ya zame, r = kβ/fc, inda k lamba ce da ta dogara da samfurin da ka zaɓa, da saukar turi, Δσ = (7/16) M0/r³. Ga misali da lambobi. Girgiza mai maki 4.0 tana da M0 na 1.26 × 10¹⁵ niyuton-mita. A ce gwiwa ta faɗo a kan 2 Hz. Da k na Brune, 0.37, r zai zama mita 648, saukar turi megafaskal 2, matsakaiciyar zamewa kuma kimanin santimita 3. Da k na Madariaga na 1976, 0.21, r zai zama mita 368, saukar turi megafaskal 11. Bayanai ɗaya, amsa ta ninka sau 5.5. Duk wanda ya rubuta saukar turi bai faɗi k ɗin da ya ɗauka ba, lambarsa ba ta kwatantuwa da ta kowa. Kuma tun da r ana ninka shi sau uku a kansa, kuskuren ninki 2 a gwiwa yana zama ninki 8 a amsa.

Babban abokin gaba a nan shi ne t*, wato yadda hanya ke shanye manyan kaɗawa. Idan t* ya kai daƙiƙa 0.03, a 10 Hz kashi 39 cikin 100 kawai na ƙarfin igiya ke isowa. Shanyewar hanya da gwiwa ta gaskiya kamanninsu ɗaya a zane, kwamfuta kuma za ta ba ka amsa mai kyan gani ko da ta musanya ɗaya da ɗaya. Maganin da ya fi aminci shi ne ka nemi ƙaramar girgiza da ta auku a wuri guda, wadda ta gaza babbar da aƙalla maki 1, mai kama da ita a zane, ka raba sifektiram ɗin babbar da na ƙaramar a kowace tasha. Hanya ɗaya suka bi, ƙasa ɗaya suka taras, don haka tasirinsu zai soke. Ka haɗa tashoshi daga kowace kusurwa, domin tashar da yagewar ta nufo tana ganin gwiwa sama da gaskiya, wadda ta ba wa baya kuma tana ganin ta ƙasa.

Yanzu sai a mai da wannan zuwa gogayya. A zurfin kilomita 10 nauyin dutsen da ke sama kimanin megafaskal 265 ne. Idan ruwan da ke cikin ƙofofin dutse yana da matsi na al'ada, kimanin 98, danniyar da ta rage 167 ce. Saukar turi ta megafaskal 2 tana nufin μ ya ragu da 0.012 kawai. Amma idan ruwan ya matsu har ya ɗauke kashi 90 cikin 100 na nauyin, danniya ta koma kimanin 26, raguwar μ kuma ta zama 0.075. Sismomita ba ta auna matsin wannan ruwa. A rahotonka ka kawo duka biyun, ka ce a fili wanne ka zaɓa da dalilinka.

Akwai ƙarin lamba mai amfani. Ka lissafa makamashin da ya fita a matsayin igiya, Er, daga sifektiram ɗin gudu, ka sami σa = G × Er/M0, inda G taurin dutse ne, kimanin gigafaskal 33. Abercrombie da Rice a 2005 sun yi amfani da (Δσ − 2σa) × D/2 don ƙiyasta makamashin yagewa, D kuma matsakaiciyar zamewa ce. A misalinmu, idan σa megafaskal 0.5 ne, amsar kimanin jul 15,000 ce a kowace murabba'in mita. Ka kula: kashi 18 cikin 100 kawai na makamashin ke ƙasa da gwiwa, sai ka kai ninki 10 na gwiwa kafin ka kama kashi 87. Na'urar da ke ɗaukar samfuri 100 a daƙiƙa tana da amfani zuwa kimanin 40 Hz, don haka girgizar da gwiwarta ta wuce 4 Hz sai an yi mata gyara.

Hanya ta biyu: tazarar raunana daga tashar da ke gefen tsaga

Wannan gajeriya ce, amma tana da sharuɗɗa masu tsauri. Tana aiki ga tsaga mai zamewa gefe da gefe, wadda yagewarta ta fito har saman ƙasa. Ka juya bayanan arewa da gabas zuwa layin tsagar: idan φ ce kusurwar tsagar daga arewa, na tare da tsaga shi ne N cos φ + E sin φ. Ka tara hanzari sau ɗaya ka sami gudu, sau biyu ka sami gusawa. Ka nemi daƙiƙar da gudu ya kai ƙololuwa, ka karanta gusawa a daidai wannan lokaci, ka ninka ta biyu, tun da kowane ɓangare rabin zamewar yake ɗauka. Fukuyama da Mikumo sun yi haka a 2007 da tashar famfon mai ta 10 a kan bututun Alaska, kimanin kilomita 3 daga tsagar Denali da ta motsa a 2002 da maki 7.9, suka sami kimanin mita 2.5.

Wajen tarawa sau biyu ake shan wuya. Idan girgiza ta karkatar da na'urar da kashi ɗaya cikin goma na milimita a kowace mita, abin da ido ba zai gani ba, jan ƙasa zai shigo a matsayin hanzarin ƙarya na kimanin mita 0.001 a daƙiƙa a kowace daƙiƙa. Cikin daƙiƙa 60 wannan ya zama gusawar ƙarya ta mita 1.8. Alamarsa ita ce zanen gudu ya ƙi komawa sifili bayan girgiza ta lafa, ya ci gaba da hawa a miƙe. Kada ka magance shi da tace ƙananan kaɗawa, domin tacewar za ta share gusawar dindindin, ita ce kuma kake nema. Ka bi tsarin Iwan na 1985 ko na Boore na 2001: ka ja miƙaƙƙen layi a kan wutsiyar zanen gudu, ka cire gangararsa daga hanzari tun daga lokacin da karkatar ta fara. Zaɓin wannan lokaci yana canza amsa sosai, don haka ka gwada gusawar ƙarshe da ta tashar GPS mafi kusa ko hoton tauraron Sentinel-1.

Gwaje-gwajen kwamfuta na Cruz-Atienza da abokan aikinsa a 2009 sun nuna cewa da an ɗan yi nisa da tsaga, lambar da ake samu ta fi bin jimillar zamewa fiye da Dc ta gaskiya. A ganinmu, ka ɗauke ta a matsayin kimantawa ta sama-sama, kada ka gina babi guda a kanta.

Hanya ta uku: kwaikwayon yagewa a kwamfuta

A nan za ka gina tsaga a kwamfuta, ka ba ta turin farko τ0, ƙarfin tsaye τs, ƙarfin tafiya τd da Dc, ka kunna yagewa a wuri guda, ka bar lissafi ya tafi da kansa, sannan ka kwatanta zanen da ya fito da na tashoshi. Manhajojin SeisSol da FD3D_TSN a buɗe suke kyauta. Ta biyun ita ce Gallovič da abokan aikinsa suka gina bayan aikinsu na 2019 a kan girgizar Amatrice ta Italiya ta 24 ga Agusta 2016.

Kafin ka taɓa bayanan gaske, ka yi gwajin TPV5 na cibiyar binciken girgizar ƙasa ta SCEC da ke Kalifoniya, wanda amsarsa sananniya ce: danniya megafaskal 120, turin farko 70, μs 0.677, μd 0.525, Dc mita 0.4, gudun P mita 6,000, gudun S mita 3,464. Daga nan, idan ka ninka danniya da μs da kuma μd, τs ya zama megafaskal 81.24, τd 63. Makamashin yagewa, wato rabin (τs − τd) × Dc, kimanin megajul 3.6 ne a murabba'in mita. Ka lissafa kuma S = (τs − τ0)/(τ0 − τd), a nan 1.6. Idan S ya yi ƙasa sosai, ƙasa da 1.77 a lissafin fuska biyu (2D) ko kimanin 1.19 a fuska uku (3D), yagewa na iya tsere wa igiyar S, kamar yadda ta yi a Denali. Idan ya yi sama sosai, yagewar za ta mutu a inda ta fara.

Girman ɗakunan ragar lissafi ba abin wasa ba ne. A bakin yagewa akwai yankin da gogayya ke sauka, faɗinsa da lambobin TPV5 mita 600 zuwa 800 ne a farko, yana kuma tsukewa yayin da yagewa ke ƙara gudu. Kana buƙatar ɗakuna kamar 5 a cikinsa, shi ya sa ake amfani da mita 100. Idan ka faɗaɗa ɗakunan don kwamfuta ta yi sauri, lokacin isar yagewa zai karkace, kai kuma ka zaci gogayya ce. Rage ɗaki zuwa rabi yana ninka aiki sau 16, wanda ya fi ƙarfin kwamfutar cinya, sai a nemi lokaci a babbar kwamfutar jami'a ko ta haya a intanet.

Ka fara da taswirar zamewa daga rumbun SRCMOD ko shafin USGS, hukumar binciken ƙasa ta Amurka, don samun saukar turi ta farko. Ka tace bayanan gaske da na kwaikwayo da matata ɗaya, yawanci daga 0.05 zuwa 0.5 Hz, ko zuwa 1 Hz idan ka san tsarin ƙasar wurin da kyau. Wannan tacewa tana da farashi. Ide da Takeo a 1997 sun sami Dc mai kaiwa rabin mita zuwa mita 1 a saman tsagar Kobe, alhali a ɗakin gwaji ana samun ƙasa da milimita. Wani ɓangare na wannan bambanci gaskiya ne, wani kuma tacewa ce ke kumbura shi. Guatteri da Spudich a 2000 sun nuna cewa idan ka rage τs − τd ka ƙara Dc ta yadda makamashin yagewa bai canza ba, zanen da ke ƙananan kaɗawa kusan ba ya motsi. Don haka samfuri ɗaya da ya dace da bayanai bai isa hujja ba. Ka gudanar da ɗaruruwa ko dubbai, ka ajiye duk waɗanda suka dace daidai gwargwado, ka zana yadda kowace lamba ta bazu. Za ka ga saukar turi da makamashin yagewa sun taru wuri guda, Dc da τs kuma sun miƙe a dogon layi. Wannan zanen shi ne sakamakonka.

Game da bayanan gida

Katsina tana zaune a kan tsohon dutsen gindi, nesa da bakin farantan ƙasa. Motsin da aka ji a Kwoi ta jihar Kaduna a Satumban 2016 da na Mpape a Abuja a Satumban 2018 ƙanana ne, tashoshin da cibiyar nazarin motsin ƙasa da ke Toro a jihar Bauchi ke kula da su kuma suna da tazara mai yawa a tsakaninsu. Hanya ta biyu da ta uku ba za su yiwu da irin waɗannan bayanai ba. Ta farko tana yiwuwa, kuma tana da daraja, domin saukar turi ce ke ƙayyade ƙarfin kaɗawa mai sauri da gini ke ji, girgizojin tsakiyar faranti kuma sukan fi na baki saukar turi. Injiniyan da ke duba madatsar Zobe ko ta Jibiya, ko gadojin layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ya ratsa Daura, wannan lambar yake sakawa a lissafinsa. Girgizar Accra ta 1939 da ta Gini ta Disamban 1983, duk sun haura maki 6, kuma a Afirka ta Yamma suka auku.

Idan sashenku zai kafa tasha, a ɗora na'urar kai tsaye a kan dutse mai rai, irin wanda ya fito fili a yankin Dutsin-Ma, a zuba ɗan siminti a daidaita, a rufe ta daga zafin rana, domin sauyin zafi yana karkatar da ita. A nisanta ta daga babbar hanyar da tireloli ke bi, da injin niƙa, da janareta. Janareta mai juyi 1,500 a minti yana barin tsini a 25 Hz, mai juyi 3,000 kuma a 50 Hz, na farkon yana faɗawa daidai cikin yankin da ake neman gwiwar ƙananan girgizoji. A ba ta sola da batir da agogon GPS. A kuma ajiye littafin lokutan da masu fasa dutse ke tayar da nakiya a kewayen: fashewar nakiya da rana take zuwa, a wurare sanannu, igiyar P ɗinta tana tura ƙasa sama a kowace tasha, igiyar S kuma ba ta da ƙarfi. Duk zanen da ya yi wannan kama a ware shi kafin a fara lissafin saukar turi, tun da babu tsagar da ta zame a cikinsa.